Kafin a haƙa rami a Kano, a je a duba tashar Shuhada ta Alƙahira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a maganar jirgin ƙasa na cikin gari da aka daɗe ana yi mana alkawarinsa a Kano. Duk lokacin da zancen ya taso, a rediyo ko a majalisar hira, hotunan Dubai da Landan ake kawo mana, taragu na ta sheƙi, ko'ina gilashi. Ni kuwa a ganina garin da ya kamata mu duba yana nan cikin nahiyarmu, kuma mutanenmu da dama sun san shi, daga ɗalibai har masu zuwa neman magani da 'yan kasuwa. Alƙahira nake nufi. A can na yi karatu, kuma akwai wata tasha guda ta jirgin ƙarƙashin ƙasa da nake so in bayyana wa masu karatu yadda take da yadda aka yi ta samu, wato tashar Shuhada da ke ƙarƙashin Dandalin Ramsis. Albarkar wannan tasha daga wurin da aka ajiye ta ta fito, kuma wannan ne abin da nake tsoron za mu yi sakaci da shi.

Sai an fara daga sama kafin a gane ƙasan. Wanda ya tsaya a Dandalin Ramsis, a gefe guda zai ga babbar tashar jirgin ƙasa ta Masar, inda jirage ke tashi zuwa Iskandariya da garuruwan arewa, wasu kuma su yi kudu har Luksor da Aswan. A ɗaya gefen ga masallacin Fatah da doguwar hasumiyarsa da ake hangowa tun daga nesa. Gadar 6 ga Oktoba ta ratsa ta sama, motoci ba sa yankewa a kanta dare da rana. Ƙarƙashinta da kewayenta ƙananan bas-bas ne da suke kira mikrobas, direbobi na ta kiran sunayen unguwanni da garuruwa, ga masu shayi, ga masu suyar ta'amiyya, wato ƙosan Misirawa, ga masu baza safa da cajar waya a ƙasa. Bayan tashar jirgin akwai tashar mota ta Ahmad Hilmi. Titin Faggala, inda muke sayen littafin rubutu da alƙalami da araha, daga dandalin ya tashi, haka ma titin Jumhuriyya mai shiga tsakiyar gari. Kusan duk unguwar da ka tsaya a Alƙahira, ba za ka daɗe ba za ka ji mai mota na ihun "Ramsis, Ramsis!"

Wannan taro ba yau ya fara ba. Tsohon sunan wurin Babul Hadid, kuma har yanzu akwai dattawan da haka suke kiransa. A 1851 mai mulkin Masar na lokacin, Abbas na Farko, ya ƙulla yarjejeniya da injiniyan Ingila Robert Stephenson don shimfiɗa dogo daga Iskandariya. Kashin farko ya fara aiki a 1854, dogon ya iso Alƙahira a 1856. Shi ne layin dogo na farko a Afirka, shekara 55 kafin jirgi ya iso Kano a 1911. Ginin tashar da ake gani yanzu na wajen 1892 ne. Tun daga wancan zamani duk baƙauyen da ya shigo birni neman aiki, da sojan da zai tafi hutu gida, da ɗalibin da aka turo Azhar daga ƙauyen kudu, a nan suke fara taka ƙasar Alƙahira.

Sunan Ramsis kuwa daga baya ya zo. A 1955, zamanin Jamal Abdunnasir, aka ɗauko wani ƙaton mutum-mutumin Fir'auna Ramsis na Biyu daga Mit Rahina aka kafa shi a tsakiyar dandalin. Tsayinsa mita 11, nauyinsa tan 83, na jan dutse. Ya yi shekara 51 a tsaye a nan, hayaƙin motoci na cinsa, girgizar gada da ta jirgin da aka haƙa wa hanya a ƙarƙashinsa na jijjiga shi, har masana suka ce in ba a ɗauke shi ba zai lalace. A watan Agusta na 2006 aka tafi da shi cikin dare, a tsaye, zuwa Giza, jama'a na bin motar. Yanzu yana bakin shiga sabon babban gidan tarihin da ke kusa da dalar Giza. Mu da muka zo daga baya ba mu tarar da shi ba, amma sunan ya zauna.

Yanzu ga abin da nake so masu tsara mana aiki su ji da kyau. Lokacin da cunkoso ya ishi Alƙahira, Misirawa da injiniyoyin Faransa da suka taimaka musu ba su zauna sun zana sabon layi a kan fili ba. Suna da tsofaffin layuka biyu na jiragen bayan gari. Ɗaya na tasowa daga Hilwan a kudu ya tsaya a Babul Luƙ. Ɗayan na tasowa daga Marj a arewa maso gabas ya tsaya a Kubri Laimun, dab da Ramsis. Tsakaninsu tsakiyar gari ce, inda dole kowa ya sauka ya shiga kokawar bas. Sai suka ce a haƙa rami a haɗa bakin layukan biyu. Aka fara aiki a 1982. Titi suka riƙa buɗewa daga sama, su kafa bangon kankare don tare ruwa, tunda Kogin Nilu na kusa kuma ba a nisa da haƙa ake tarar da ruwa, sannan su rufe su mayar da kwalta. Ranar 27 ga Satumba 1987 aka buɗe kashin farko daga Hilwan zuwa Ramsis, Shugaba Husni Mubarak da firaministan Faransa na lokacin, Jacques Chirac, suna wurin. A 1989 aka ƙarasa haɗa shi da Marj. Layin nan na ɗaya yau tsawonsa kusan kilomita 44 ne da tashoshi 35, amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai kai kilomita 5 ba, tashoshi biyar kacal: Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasir, Urabi, sai wannan tamu. Da wannan ɗan rami suka samu metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na farko a Afirka da ƙasashen Larabawa baki ɗaya.

To mu sauka. Ƙofofin tashar sun watsu a kusurwoyin dandalin, kowace da alamar jan harafin M a kan sanda. Akwai wadda take 'yan taku kaɗan daga bakin babbar tashar jirgi, akwai ta wajen masallacin Fatah, akwai masu fitar da mutum bakin titunan da suka taso daga dandalin. Saboda haka ma wasu ba jirgi suke nema ba, sauka suke yi su bi ta ƙasa su ɓullo ɗaya gefen, domin tsallaka titin Ramsis da ƙafa sai mai ƙarfin hali. Da ka sauka matakala, za ka ɗora jakarka a kan na'urar bincike, sannan ka shiga wani faffaɗan zaure mai ƙaramin rufi inda tagogin sayar da tikiti suke. A zamanina tikitin ɗan ƙaramin kati ne ruwan ɗorawa mai baƙin layi a bayansa. Ka zura shi a na'ura, ta tofo maka shi ta gaba, sandar ƙarfe ta juya ka wuce. Kada ka yar da shi, don sai da shi za ka fita a inda za ka sauka.

Layi na ɗaya shi ne a sama-sama, bai yi zurfi ba. Dogo biyu ne a tsakiya, dakalin jira ɗaya a kowane gefe, ɗaya na masu zuwa Hilwan, ɗaya na masu zuwa Marj. Jirginsa tarago tara ne, don haka dakalin dogo ne ƙwarai. Wanda ya ɗaga kai zai ga wayar lantarki a saman dogon, gadon da ya ci daga tsofaffin jiragen bayan gari. Layi na biyu kuwa yana can ƙasa da shi, sai an ƙara sauka. An buɗe kashinsa na farko a 1996, daga Shubra Al-Khaima zuwa nan Ramsis, aka kai shi Sadat a 1997, sannan a 1999 ya ratsa ƙarƙashin Kogin Nilu ya kai Jami'ar Alƙahira, daga bisani a 2005 ya tuƙe a Munib. Shi ba buɗe titi aka yi ba, ƙatuwar na'ura ce mai cin ƙasa ta riƙa huda hanya a can ƙasa, gari na harkarsa a sama. Ba shi da waya a sama, wutarsa tana cikin wani dogo na uku da ke kwance a gefe, shi ya sa ko wayarka ce ta faɗa kan layi, ma'aikaci za ka kira.

Baƙo ba ya buƙatar ya iya Larabci sosai kafin ya fita daga wannan wuri. Alluna an rubuta su da Larabci da Turanci, kuma kowane allo sunan tashar ƙarshe yake ɗauke da shi. Sunaye huɗu kawai mutum zai riƙe: Hilwan, Marj, Shubra, Munib. In ka san wanne ne a gaban inda za ka, shi ke nan. Wani dattijo na taɓa gani da sassafe, daga ganin rawaninsa da faffaɗar jallabiyarsa ka san mutumin kudu ne, jirgin dare ya sauke shi. A hannu ɗaya yana riƙe da babban ambulan na hoton ƙirji, ɗayan hannun yana jan wata tsohuwa a hankali. Ya tsaya gaban allo ya rasa ta inda zai bi, sai ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ya shaikh, Dimardash?" Haka suke kiran duk wanda suka ga alamar ɗalibin Azhar ne, ko da yaro ne. Na nuna masa ɓangaren Marj, na ce ya bar tashar Gamra ta wuce, ta gaba ita ce tasa, asibitin na nan kusa. Fam ɗaya-ɗaya na kuɗin Masar suka biya. Daga ƙauyensu har ƙofar asibiti, bawan Allah nan bai yi ciniki da mai tasi ba, bai tsallaka titi da mara lafiya ba. Ni a wurina wannan shi ne amfanin tasha.

Kuɗin ma abin faɗa ne. Duk zamana a can fam 1 ne, ko tasha ɗaya za ka ko ƙarshen layi. A watan Maris na 2017 aka mai da shi fam 2, sannan a Mayun 2018 aka raba shi gwargwadon nisa, fam 3 da 5 da 7, kuma ya ci gaba da hawa bayan nan. Mutane sun yi ƙorafi sosai, domin ma'aikaci da ɗalibi da mai talla su ne masu shiga, kuma an ƙiyasta sama da mutum miliyan 3 ke hawa metro ɗin a rana. Akwai kuma taragun mata. A kowane jirgi ana keɓe biyu a tsakiya, kuma a saman dakali akwai allon da ke nuna daidai inda za su tsaya, sai ka ga mata sun taru a wurin tun kafin jirgi ya iso. Mace na da damar shiga kowane tarago in ta so, namiji ne ba shi da damar shiga nasu, in an kama shi tara ce. 'Yan'uwanmu mata ɗalibai ba su da abin da suke yabo kamar wannan, kuma ban ga yadda za a yi jirgin gari a Kano a manta da shi ba.

Cikin tarago duniya ce guda. Mai talla zai bi layi yana ajiye wa kowa fakitin alƙalami ko takardar goge hannu a cinya, ya kai ƙarshe ya dawo yana karɓa, mai so ya miƙa kuɗi. Wani na karatun Alƙur'ani a ƙaramin mus'hafi, wani na barci a tsaye. Da jirgi ya doshi Shuhada sai ka ji ana taɓa bayanka ana cewa "Nazil?", wato "Sauka za ka yi?" In ba sauka za ka yi ba, ka matsa gefe tun da wuri, in ba haka ba taron zai fitar da kai ko ba ka so.

Sunan da aka buɗe tashar da shi Mubarak ne. Tashoshin tsakiyar gari yawancinsu sunayen shugabanni da jagororin gwagwarmaya aka ba su, Urabi da Sa'ad Zaglul da Muhammad Najib da Nasir da Sadat, shi kuma mai mulki a lokacin ya samu wadda ta fi kowace jama'a. Bayan juyin juya halin Janairu 2011, tun kafin hukuma ta ce komai matasa suka riƙa kankare sunan a taswirar da ke saman ƙofofin taragu, suna rubuta Shuhada da alƙalami don tunawa da waɗanda aka kashe a zanga-zangar. A watan Afrilu na shekarar kotu ta ba da umarnin cire sunan Mubarak daga wuraren gwamnati, aka sauya allunan. Ina fata namu shugabannin za su haƙura da wannan, a kira tasha da sunan unguwa ko kasuwar da take, wanda ba mai kankare shi.

Sai na zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai. Layi na ɗaya da na biyu a wuri biyu kawai suke haɗuwa, Shuhada da Sadat, wadda ke ƙarƙashin Dandalin Tahrir. Ranar 14 ga Agusta 2013, da rikicin siyasa ya yi tsanani, aka rufe Sadat saboda dalilan tsaro, ba a sake buɗe ta ba sai 17 ga Yuni 2015, dab da azumi. Kusan wata 22 jirgi na ratsa ta ba ya tsayawa, muna hango dakali wayam ta taga. Duk mai son sauya layi a birni mai wannan girma, wuri ɗaya ya rage masa. A ɗauki ɗalibin da ya taso daga Ma'adi zai je Jami'ar Alƙahira. A da Sadat zai sauka ya sauya. Da aka rufe ta kuwa sai ya wuce Sadat, ya wuce Nasir da Urabi, ya sauka a Shuhada, ya kutsa zuwa ƙasa, sannan ya dawo ta Ataba da Najib, ya sake ratsa Sadat ɗin nan dai kafin ya tsallaka kogi. Da safe da kuma bayan la'asar, hanyar da ke tsakanin layukan biyu takan cika kamar Kantin Kwari ana jibi sallah. An jera shingayen ƙarfe don raba masu hawa da masu sauka, amma duk da haka ba kai ke tafiya ba, tafiya ake yi da kai. Na ga uba ya ɗora 'yarsa a wuya don kada a danne ta, na ga mata sun haƙura sun jingina da bango suna jiran taron ya rage, wani jirgin kuma na sake zubo wasu. Tashar ba ta canza ba, matakala nawa take da su jiya su ne yau, nauyin tashoshi biyu ne aka ɗora mata. Layi na uku da aka fara buɗewa a 2012 daga Ataba zuwa Abbasiyya, wanda ya sauƙaƙa wa mazauna masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Azhar, a lokacin bai taɓa layi na ɗaya ba. Sai a 2022 ya haɗu da shi a tashar Nasir.

Ba zan ɓoye aibunta ba. Da bazara zafi ne a ciki, tsofaffin taragun layi na ɗaya fanka ce kawai da taga, sai wajen 2015 aka fara kawo masu na'urar sanyaya iska daga Koriya ta Kudu. Hawa da sauka na wahalar da tsofaffi da masu kaya, kuma a irin wannan turmutsitsi dole mutum ya dafe aljihunsa. Amma daga asuba har tsakar dare ta gota jirgi na zuwa, minti kaɗan tsakanin wannan da wancan, kuma ba wanda ke tambayar ko yau zai zo.

Mun riga mun ga misalai biyu a gida. Jirgin cikin gari na Abuja an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a Mayun 2024, kuma koken da aka fi ji a kansa shi ne tashoshi sun yi nisa da inda mutane ke kwana da inda suke aiki, har sai da aka koma gina hanyoyin shiga wasunsu. Legas kuwa da ta tashi yin Jan Layinta na jirgin cikin gari, hanyar tsohon dogo ta bi daga Agbado zuwa Oyingbo. Mu ma a Kano muna da dogon da ya shigo ta wajen Chalawa, ya ratsa gari, ya fita ya nufi Nguru, kuma tsohuwar tasharmu ba ta da nisa da Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, inda ƙafar mutane ta saba zuwa fiye da shekara ɗari. Ban ce a kwafi Alƙahira kai tsaye ba, ƙasarmu da kuɗinmu da yawanmu daban ne. Amma zai yi mini ciwo in ga an ci bashi an gina tasha mai kyau a inda sai mutum ya hau adaidaita sahu biyu kafin ya kai gare ta.

Don haka, Malam Edita, roƙona shi ne in wakilanka sun samu zama da masu wannan aiki, kada su tsaya a kan nawa za a kashe da ranar da za a yanke ƙyalle. Su nemi a nuna musu taswira, su tambaya a ina babbar mahaɗar za ta kasance, taku nawa ne daga ƙofarta zuwa tashar mota da bakin kasuwa, kuma in wata rana an rufe ta, a ina jama'a za su sauya jirgi. In kuma da hali, akwai ɗalibanmu da yawa a Alƙahira yanzu haka, a sa ɗaya ya sauka Shuhada da ƙarfe takwas na safe ya aiko wa jaridar nan da hotuna.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon ɗalibin Azhar, daga Kano